Takwas Ɗin Alhaji Khamis

Duk wanda ya taɓa hawa keke mai ƙafa uku a Suleja ya hau aikin Alhaji Khamis Mai-Lamba, ko ya sani ko bai sani ba. Lambar nan ta ƙungiya da ke jikin keken, baƙa a kan ruwan ɗorawa, shi ya rubuta ta. Lambobin ƙofofin shaguna a layin 'yan atamfa nasa ne. Tifofin da ke jigilar yashi daga nan har Diko, in ka ga lamba a ƙofar direba ta tsaya ƙyam babu karkata, to ba sai ka tambaya ba. Shekara arba'in da 'yan kai yana zaune a wata rumfar kwano a bakin titi, da gwangwanayen fentinsa, da burushi bakwai da ba ya yarda ko ƙuda ya sauka a kansu, da tsumman goge hannu wanda rabonsa da ruwa tun kafin a fara wayar hannu.

Shi ba ya zanen zaki a bayan mota, ba ya rubuta kirari a gilashi. Lamba ce sana'arsa, kuma a cikin lambobin ma akwai wadda yake ji da ita. Yakan ce duk wanda ya zo maka da fahariyar shi marubuci ne, kada ka yi musu da shi, ka ce ya yi maka takwas. Cikin sama ƙarami, na ƙasa ya ɗan ɗara shi, ƙugu a tsuke, kuma ba a ɗaga burushi sai an gama. Yaran zamani masu kwamfuta da sitika sun ƙwace masa rabin kasuwa, amma in ya wuce ta gaban shagonsu ya hangi takwas ɗinsu, tsaki kawai yake ja. Ya ce ƙwai biyu ne aka ɗora wa juna.

Mutum ne gajere, siriri, farcensa kullum da fenti. In ya rufe baki, Baba mai fenti ne, ba ƙari. In ya buɗe, Alhaji ne. Domin a sama, ɓangaren hagu, na uku daga tsakiya, akwai haƙorin Makka.

Shekara ashirin da biyu ke nan wani mai tifofi ya ji daɗin aikinsa, ya sa sunansa cikin waɗanda zai kai aikin hajji. Khamis ya je, ya yi kuka a inda ake kuka, ya ɓace sau biyu aka tsince shi, kwana uku kafin dawowa ya shiga wani ɗan lungu aka gurza masa fiƙa aka ɗora mata zinariya. To, duniya ba ta bar masa wata shaida ba. Mai tifofin ya rasu, tifofin suka watse. Fasfo gara ta cinye. Hoton da ya ɗauka da harami, ruwan damina ya shiga akwati ya manne shi da takardar makarantar 'yarsa Asama'u, da aka ɓanɓare sai ƙafafunsa kawai suka fito. Waɗanda suka raka shi filin jirgi, wasu sun riga mu gidan gaskiya, wasu sun koma ƙauye. Suleja kuwa ta cika da baƙi masu aiki a Abuja, su fita tun duku-duku, su dawo a gajiye liƙis. Wa ke da lokacin tambayar tarihin mai fenti? Amma ya yi wa mutum murmushi sau ɗaya, sai ka ji an ce, "Barka da rana, Alhaji." Wannan kalmar ita ce abin da ya mallaka a duniya wanda ba a wanke shi da kananzir, kuma yana sonta, so na gaske.

Mutum biyu ne haƙorin bai taɓa cin su ba. Akwai Tanko mai faci, maƙwabcin rumfarsa, wanda suka yi wasan ƙasa tare, shi Khamisu yake ce masa ko a gaban wa. Sai uwargida Bara'atu, mai dama kunun gyaɗa na sayarwa a gidansu da ke unguwar Wambai, wadda tun haihuwar fari ta tsaya a kan Baban Asama'u.

A farkon daminar bana haƙorin ya fara magana. Da fari ɗan tsami ne in ya sha ruwan sanyi. Sai ya koma zugi. Sai ya koma wani abu mai bugawa tare da zuciya, har cikin ido. Alhaji ya tauna kanumfari, ya kuskure baki da ruwan gishiri, ya cusa tafarnuwa har masu kawo aiki suka fara tsayawa daga nesa suna faɗin lambar da suke so. Tanko ya kawo shawarar a ɗiga ruwan batir, wai wani direba ya yi ya warke.

"Kai Tanko, ka ji tsoron Allah. In ya ci zinariyar fa?"

"Au, ba bakinka kake ji ba, zinariya kake ji?"

Mako uku aka yi ana haka. Kuncinsa ya kumbura daga gefen hanci, leɓen sama ya ɗage. Ran wata Litinin da safe ya shirya zai fita, ya laluba jakar burushinsa a inda yake rataye ta, wayam. Bara'atu na tsugune tana hura wuta, ko juyowa ba ta yi ba.

"Baban Asama'u, burushinka suna nan lafiya. Ka kawo min katin asibiti, in ba ka kayanka."

Ya yi faɗa, ya yi rarrashi, ya ce akwai keke goma sha ɗaya suna jiransa. Ta ce su ma su jira, ai suna da ƙafa uku, ba za su faɗi ba. Haka ya kama hanya yana ƙunƙuni da rabin baki.

A sashen haƙori na asibiti ya tarar da Likita Chinelo, mace mai fara'a, haifaffiyar Suleja, Hausarta ta fi ta wasu masu tinƙaho da asali. Ta kwantar da shi a kujerar nan mai lanƙwasa, ta haska masa fitila, ta sa ɗan madubi mai mariƙi a bakinsa, ta fara kira wa nas tana rubutawa.

"Wan-sis, lafiya. Wan-faif, lafiya. Tu-wan, tu-tu, ba laifi. Tu-tiri…" Sai ta yi shiru, ta ce a ɗauki hoto.

Kai, jama'a! Mutum na kwance baki a wangale, zafi na cin sa, amma da ya ji ana kiran lamba sai kunnuwansa suka miƙe. Ana cire madubin ya tashi zaune.

"Likita, wai haƙora ma suna da lamba?"

"Kowanne da tasa, Baba Alhaji."

"Wa ya rubuta musu?"

Ta yi dariya, ta nuna masa wani hoton baki da ke manne a bango. Ta ce ya ɗauka baki gari ne mai unguwa huɗu. Sama ta dama unguwa ta ɗaya, sama ta hagu ta biyu, a sauko ƙasa ta hagu ta uku, ƙasa ta dama ta huɗu. Kowace unguwa gida takwas ne, ana fara ƙirga daga tsakiyar baki a nufi can ciki. Lambar farko unguwa, ta biyu gida. Shi ya sa ba a cewa ashirin da uku, sai dai biyu-uku.

Alhaji ya manta da ciwo. Ya matsa kusa da hoton, ya bi lambobin da yatsa. "Wallahi wanda ya tsara wannan ya san aiki. Ko makaho ka ba shi wannan adireshin zai kai saƙo. Duk duniya haka ake yi?"

Ta ce galibi. Amma Amurkawa su ƙirgawa suke yi a jere, daga ɗaya har talatin da biyu, su bi sama su zagayo ta ƙasa. Tsofaffin likitoci kuma, irin waɗanda suka koyar da malamanta, wata 'yar kusurwa suke zanawa su sa lamba a cikinta, yadda kusurwar ta kalla shi ke nuna unguwar. Su kuwa haƙoran yara, tunda na wucin gadi ne, an ba su unguwanninsu daban, daga biyar zuwa takwas.

"Na Amurka bai yi ba," in ji Alhaji, da muryar wanda ya ga jiya ya ga yau. "Irin lambar tsohuwar kasuwa ce. Kana neman shago na ashirin da uku, sai ka ƙirga tun daga bakin ƙofa, ka ƙare a bayan masai. Na kusurwar nan kuma, in mai zanen ya yi atishawa an cire wa mutum haƙorin da ba shi ba. Wannan na unguwa da gida shi ne tsari." Ya gyara zama, ransa fes. "To, Likita, wane ne wannan biyu-ukun da ya sa kika yi shiru? Wane gida ne?"

Ta miƙa masa madubin hannu, ta ɗaga leɓensa, ta ƙirga a hankali daga tsakiya. Ɗaya. Biyu. Uku. Zinariyar ta yi wal a cikin madubin.

Gabansa ya faɗi. Da aka ɗauki hoton haƙorin ta nuna masa, ta ce zinariyar hula ce kawai, haƙorin da ke ƙarƙashinta ya ruɓe, saiwar ta tsage gida biyu, mugunya ta taru a sama. Da makonnin baya ya zo ma da wuya a cece shi, balle yanzu. Sai dai a cire. In wurin ya warke ana iya sa masa wani fari, ko ma mai zinariyar in yana so, akwai masu yi.

"A ina?"

"A nan, ko Abuja."

"Haƙorin Abuja? Haba Likita! In sa haƙorin Abuja mutane su riƙa ce min Alhaji a kansa? Ai ƙarya na yi ke nan. Na Makka a Makka ake sa shi."

Ta ba shi haƙuri, ta rubuta masa magungunan da za su sassauta kumburin, ta ce ya dawo ran Alhamis. Ita ranar tana da taro, abokin aikinta Likita Musaddiq ne mai cirewa. Ta yi ɗan rubutu a kati ta ba shi, ta ce ya riƙe da kyau, shi zai nuna.

Bara'atu ta ga kati ta saki burushi. Bai gaya mata wane haƙori ba ne, ya ce wani ne can. Ya tafi rumfarsa ya zauna, ya zaro katin yana kallo. Rubutun likita ne, kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kan takarda. Kalmomin bai gane ko ɗaya ba. Amma lambar ya gane ta: wani biyu mai doguwar wutsiya, da wani uku mai buɗaɗɗen ciki ya juya wa biyun fuska.

To, a nan ne Shaiɗan ya zo ya zauna a kan gwangwanin fenti. Duk mai sana'ar Alhaji ya san uku takwas ne da ba a ƙarasa ba. Sau nawa ƙungiyar 'yan keke ta sake lambobi, aka kawo masa uku ya mai da shi takwas cikin minti biyu? Biyu-takwas: unguwa ɗaya, gidan ƙarshe. Ya tura harshe can ƙuryar sama ta hagu ya laluba. Yana nan kuwa, wani turmi mai faɗi, bawan Allah, wanda tun da ya fito bai taɓa yi wa kowa laifi ba, kuma ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa.

Ya dai duba wasu hanyoyin, don kada a ce ya yi gaggawa. Biyun ana iya mai da shi bakwai in an yi dabara, amma bakwai-uku unguwar yara ce, kuma tsoho mai shekara sittin da shida ya je da haƙorin nono abin ya yi yawa. Takwas ɗin dai shi ne. Ya kuma samo wa kansa hujja, hujja mai kyau a ganinsa. Layi ɗaya ne. In kwata ta toshe a tsakiyar layi, ai ba rushe gidan da ruwan ya taru ake yi ba, can ƙarshen layi ake buɗewa ruwa ya wuce. A cire gidan ƙarshe, mugunya ta sami hanya. Ga shi ma maganin ya fara aiki, zugin ya ragu. Ya gyaɗa kai, ya ji a ransa da ya yi karatu da ya zama likita.

Sai dai tausayin turmin ya kama shi. Ran Talata ya sayi rake, ya yanka ƙanana, ya riƙa turawa can ƙurya yana taunawa da shi kaɗai, a hankali don kada ya taɓo mara lafiyar. Ya ƙara da soyayyar gyaɗa. Da yamma ya sai masa tsire na musamman, marar jijiya. Yana tauna yana ce masa a zuci, ka yafe ni, ba ƙin ka nake ba, kai ba a ganin ka ne.

Ran Laraba ya bari rana ta fito sosai, domin aikin ƙwarai ba a yin sa sai da haske. Ya shiga shagon mai sayar da littattafai ya gwada biro shuɗi har kala shida a bayan hannunsa, sai da ya dace da ruwan tawadar likita. Ya dawo ya shimfiɗa takardar buhun siminti a kan benci. Ya san inda matsalar take, ba wawa ba ne. Dole takwas ɗin ya fito da muni, ya yi kama da danginsa na kan katin. Ya fara gwaji. Na farko ya fito kyakkyawa. Ya ja tsaki, ya sake, ya fi na farko kyau. Ya koma hannun hagu. Ya rufe ido ɗaya. Ya tsaya da ƙafa ɗaya don jikinsa ya yi rawa. Tanko ya ɗago daga tayar da yake dannawa a ruwa ya zuba masa ido.

"Khamisu, ciwon ya hau kai ne?"

"Mugun rubutu nake koya."

"A wannan shekarun? Ka ba ni biron in yi maka kyauta."

Bai ba shi ba, sirri ne. Sai wajen na arba'in ya sami wani takwas mai ƙusumbi, mai kai a karkace, abin ƙyama dai yadda ake so. Ya maimaita shi sau biyar har ya ga ya kama. Ya goge hannu, ya ɗora katin a kan gwiwa, ya yi bisimilla, Allah Ya yafe masa, ya sa biro a kan ukun.

Hannun da ya shekara arba'in yana abu ɗaya ba ya jin maganar kwana ɗaya. Biron na taɓa takardar gaske, sai yatsun suka yi abin da suka sani. Suka rufe cikin sama, suka tsuke ƙugu, suka zagayo ƙasa suka haɗe, ba ɗagawa. Ya ɗaga katin ya duba. Wallahi ko a ƙofar tifa bai taɓa yin irinsa ba.

Ya kamata hankalinsa ya tashi. Ina! Abin da ya dame shi daban ne. Biyun nan mai wutsiya, a tsaye kusa da wannan takwas, abin kunya ne. Ba zai iya miƙa wa mutum katin da lambobinsa ba su yi tsayi ɗaya ba. Ya ɗan gyara wa biyun wuya. Ya daidaita masa gindi. Ya ƙara masa kauri kaɗan don su yi jiki ɗaya da ɗan'uwansa. Da ya gama ya miƙa hannu nesa ya ƙanƙance ido, ya ji daɗi har cikin ransa, ya sa katin a aljihun gaba.

Likita Musaddiq saurayi ne ɗan Zariya, mai sanyin magana, bai fi shekara biyu da zuwa Suleja ba. Ran Alhamis Alhaji ya shiga ya yi masa murmushi, aka ce, "Sannu da zuwa, Alhaji, bismilla ga kujera." Ya karɓi katin ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Ya buɗe fayil ya zaro hoton ran Litinin ya ɗaga shi a haske, ya mayar. Ya miƙa wa nas katin, ita ma ta duba, sai ta ja ƙyallen fuskarta sama har kusa da ido.

"Alhaji, ina ne ke maka ciwo?"

Alhaji ya zura yatsa har maƙogwaro ya nuna ƙurya. Kumburin kuwa na nan zaune a gefen hancinsa, kowa na gani.

"To, bari mu gani."

Ya ƙwanƙwasa turmin da mariƙin madubi. Shiru. Sai da aka yi daƙiƙa biyu Alhaji ya tuna, ya ce, "Wash." Likita ya ce sannu. Ya dawo da mariƙin gaba, ya ɗan taɓa zinariyar, taɓawa irin ta gaisuwa.

"Wayyo Allah na!"

Ƙafarsa ta yi sama ta daki tiren kayan aiki, takalminsa ɗaya ya tashi ya faɗa bayan ƙofa. Aka tsince kaya, aka kawo takalmi. Likita ya ja kujerarsa ya zauna, ya sake ɗaukar katin, fuskarsa ba alamar dariya.

"Abin da ya ɗaure min kai, Alhaji, shekara biyu ina karanta rubutun Likita Chinelo. Ban taɓa ganin lambarta da na karanta ba tare da na juya katin sau biyu ba. Wannan ba hannunta ba ne. Ni ina ganin ba ma hannun mutum ba ne. Yaran nan masu kwamfuta na bakin kasuwa, su ne ke fitar da irin wannan."

Alhaji ya tashi zaune zumbur.

"Kwamfuta? Kwamfuta ce za ta tsuke ƙugun takwas haka? Duba nan, Likita, duba inda ya haɗe! Ka ga alamar an ɗaga hannu? Kai wa waɗancan yaran katin, in sun yi rabin wannan ka cire min haƙoran duka!"

Nas ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta na rawa. Alhaji ya ji abin da bakinsa ya faɗa, ya koma ya kwanta a hankali, ya kafa wa fitila ido. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa.

Likita bai yi masa faɗa ba. Ya ce, "Aikin ya yi kyau, Alhaji, ban taɓa ganin irinsa ba. Amma me ya sa za ka ba da lafiyayye?"

Da faɗa aka yi masa da ya sami abin cewa. Lallashin ne ya karya shi. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Ɗana, ni ba ni da mota, ba ni da babbar riga. Fasfona gara ta ci. Waɗanda suka ga tafiyata sun ƙare. Sau ɗaya tak a rayuwata aka ɗauke ni daga bakin titi aka kai ni inda sarakuna ke zuwa, na tsaya kafaɗa da kafaɗa da su. In ka cire wannan, wa zai san na je?"

Likita ya ajiye katin. Sannan ya ce shi dai ba zai cire lafiyayyen haƙori ba, ko an kawo masa lambar da ruwan zinariya. Kuma ba zai taɓa na Makkan ba sai mai shi ya ce a taɓa. Amma akwai abin da ya wajaba ya faɗa. Saiwar wannan haƙorin ita ce mafi tsawo a baki, kanta na can sama kusa da ido. Maganin da ya sha kwantar da mugunyar kawai ya yi. In ta sake tashi, ba ƙarshen layi za ta nufa ba, sama za ta yi.

"Idon hagu, Alhaji. Ban sani ba ko kana aiki da shi."

Da shi yake auna tsayin lamba. Na daman yake rufewa.

Likita ya zaro sabon kati fari, ya ɗora a kan fayil, ya miƙa masa tare da biro. "Wancan ya ɓaci a wurinmu. Tunda hannunka ya fi na kowa a nan, rubuta min wanda za a cire. In ba ka rubuta ba, ka tafi gida, ba mai riƙe ka."

Alhaji ya riƙe biron ya daɗe. Ya shafa zinariyar da harshe, a hankali, sau ɗaya. Ya rubuta biyu. Da ya zo kan ukun sai ya fito a karkace, cikin sama ya fi na ƙasa girma, wutsiyar ta zarce layi. Ya gan shi sarai. Bai gyara ba. Ya miƙa katin, ya kwanta, ya buɗe baki.

Aka yi allura, leɓe ya mutu. Abin da ya shekara ashirin da biyu a wurin bai ɗauki minti goma ba. Nas ta wanke hular zinariyar ta naɗe masa a auduga. Ya auna ta a tafin hannu, ba ta fi ɓawon gyaɗa nauyi ba, cikinta baƙi ƙirin. Aka cusa masa wata audugar a giɓin, aka ce ya cije, kada ya yi magana sai bayan awa ɗaya.

A bakin ƙofar asibiti wani mai keke ya tsaya, matashi, baƙon fuska. Lambar jikin keken Alhaji ne ya rubuta ta watan jiya.

"Baba, ina za ka?"

Ya buɗe baki zai yi murmushin da ya saba, ya tuna, ya rufe. Ya nuna hanya da hannu. Har suka isa Wambai yaron na ta Baba a nan ne, Baba riƙe da kyau, Baba sauka a hankali. Yaro mai ladabi, bai yi laifin komai ba, amma kowace ɗaya sai da ta soke shi.

Bara'atu na tsakar gida tana tace gyaɗa. Matan 'yan haya biyu na wanki a bakin rijiya. Ya wuce sumui-sumui ya zauna a kan tabarma a ƙofar ɗaki. Ta share hannu a zane ta zo ta tsaya a kansa.

"Buɗe in gani."

Ya girgiza kai. Ta tsaya, ita ba ta gaggawa. Ya ɗaga leɓen da yatsa. Ta ga auduga a inda zinariya take, ta dubi idonsa, ta gane abin da ya ɓoye mata tun Litinin. Ya zaro biro daga aljihu, ya jawo wata takardar ƙunshin sukari, ya rubuta ya miƙa mata: Mai keke ya ce min Baba.

Ta karanta a hankali, tana motsa leɓe. Ba ta ce sannu ba, ba ta yi masa wa'azi ba. Ta ninke takardar ta soke a gefen zane, ta taka har gindin katangar da ta raba su da maƙwabta, ta hau kan turmi, ta cika ƙirji.

"Rabi'a! Ke Rabi'a! Miƙo min rariyarki mai laushi! Alhaji ya dawo daga asibiti! Alhaji ba zai iya tauna ba, kunu zan dama wa Alhaji! Ki gaya wa maigidanki in zai zo duba Alhaji ya bari sai la'asar, Alhaji na hutawa!"

Masu wanki suka saki guga. Wani mai tura ruwa a waje ya tsaya. Har masallacin layi an ji, domin ladan ya leƙo. Shekara ashirin da biyu matar nan ba ta taɓa furta kalmar ba, yau ta zubar da biyar a numfashi ɗaya.

Ta sauko, ta karɓi rariya ta saman katanga, ta zo wucewa ta gabansa. Yana zaune da auduga a baki, miyau na zuba ta gefen da ya mutu, hawaye na bin ɗaya gefen, ya kasa share ko ɗaya.

"Kada ka saba," ta ce. "Na yau ne kawai, maƙogwarona ba na ƙarfe ba ne."

Wata huɗu ke nan. Maƙwabta har yanzu ba su huta ba.